Sharhi: Na'urar Terahaz da Batun Gano Sankarar Fata Tun da Wuri

A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man shafawa mai kare fata daga ƙunar rana cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanadar wa jama'arta. Wannan mataki ya sake jawo hankalin duniya zuwa ga wata cuta da jama'armu da dama suka ɗauka ta Turawa ce kaɗai, wato sankarar fata, wadda wasu ke kira ciwon dajin fata. A daidai wannan lokaci kuma masana kimiyya a Ingila da Ostareliya da wasu ƙasashe na ci gaba da gwajin wata sabuwar hanyar ɗaukar hoton fata da igiyoyin da ake kira terahaz, da nufin gano wannan cuta ba tare da an yanki jikin mutum ba. Ganin cewa sunan terahaz ya fara shigowa kasuwanninmu da wayoyinmu, mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin abin da wannan fasaha ta ƙunsa, da inda aka kwana a kanta, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu kafin ta iso.

Girman matsalar

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutane kimanin 330,000 ne suka kamu da nau'in sankarar fata mafi haɗari, wanda ake kira melanoma, kuma kusan 60,000 suka rasu sanadiyyarsa. Sauran nau'o'in sankarar fata kuwa sun kama mutane fiye da miliyan ɗaya a wannan shekara. Har ila yau, a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton haɗin gwiwa da ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na mace-macen da waɗannan sauran nau'o'i ke haddasawa na da nasaba da yin aiki a cikin rana.

Gaskiya ne baƙar fata na da kariya ta halitta. Sinadarin melanin, wanda shi ke ba fata launinta, yana tare kaso mai yawa na wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne ke lalata ƙwayoyin halittar fata. Sai dai wannan kariya ba ta game kowa ba, kuma ba ta game kowane sashe na jiki ba. A ƙasashenmu cutar kan bayyana ta ƙofofi uku da ya kamata kowa ya sani.

Ƙofa ta farko ita ce ta 'yan'uwanmu zabaya, waɗanda fatarsu ba ta da isasshen melanin. An ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara ana samun zabiya ɗaya a cikin kowane mutum 5,000 zuwa 15,000, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a wasu ƙasashe mafi yawan zabaya sankarar fata ce ke ajalinsu tsakanin shekara 30 zuwa 40 da haihuwa. Ƙofa ta biyu ita ce tsohon gyambo da tabon ƙuna. Miki da ya shekara da shekaru bai warke ba, ko tabon wuta da ya sake buɗewa bayan dogon lokaci, na iya rikiɗewa ya zama sankara. Ƙofa ta uku ita ce tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda melanoma ta fi kama baƙar fata. Irin wannan ce ta yi ajalin shahararren mawaƙin ƙasar Jamaika, Bob Marley, a shekarar 1981, bayan ta fara a matsayin baƙin tabo a yatsan ƙafarsa.

Mene ne terahaz?

Duk mai sauraron rediyo ya saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita kaza ko megahaz kaza. Abin nufi shi ne yawan kaɗawar da igiyar tashar ke yi a cikin daƙiƙa ɗaya. Tashar da ke kan megahaz 100 igiyarta na kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa. Terahaz ɗaya kuwa kaɗawa ce sau miliyan sau miliyan a daƙiƙa, wato ninki 10,000 na wancan. Igiyoyin rediyo da na wayar salula da hasken fitila da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti duk dangi ɗaya ne, saurin kaɗawa ne ya bambanta su. Igiyoyin terahaz suna zaune ne a tsakanin na wayar salula da hasken da ido ke gani, kuma masana sun iyakance su daga terahaz 0.1 zuwa 10. Tsawon kowace igiya bai wuce milimita 3 ba, mafi ƙanƙantarsu ma ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Waɗannan igiyoyi na da halaye biyu da suka sa likitoci ke sha'awarsu. Na farko, ƙarfinsu ya gaza na hasken hoton ƙashi sau miliyoyi, saboda haka ba sa cikin jerin hasken da ke farfasa ƙwayoyin gado na jikin mutum. Wannan na nufin ana iya maimaita ɗaukar hoton wuri guda sau da yawa ba tare da irin fargabar da ake yi wa hoton ƙashi ba. Na biyu, ruwa na shanye su ƙwarai da gaske. Suna ratsa takarda da tufafi da roba cikin sauƙi, amma da zarar sun ci karo da danshi sai su raunana.

A kan wannan hali na biyu aka gina fasahar baki ɗaya. Tsokar da sankara ta kama takan tara ruwa fiye da lafiyayyar tsokar da ke kewaye da ita, sannan tsarin ƙwayoyinta ya sauya. Na'urar takan harba ɗan gajeren walƙiyar terahaz a kan fata, ta karɓi abin da ya dawo, kamar yadda mutum kan yi kira a bakin rijiya ya saurari amsa-kuwwa. Ƙarfin abin da ya dawo da kuma lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo su ne kwamfuta ke tattarawa ta zana hoto, inda wurin da ke da cuta zai fita daban da wurin da ke lafiya, ko da kuwa a ido duk ɗaya suke.

Yadda binciken ya faro

Idan ba a manta ba, masana sun daɗe suna kiran wannan sashe na igiyoyi da sunan giɓi, domin samar da su da kuma kama su ya gagari na'urorin da ake da su. Sai a shekarar 1995 wasu masana biyu, Hu da Nuss, suka ɗauki hoton farko da igiyoyin terahaz a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke Amurka. A shekarar 2001 aka kafa kamfanin TeraView a birnin Kambirij na Ingila, wanda ya samo asali daga sashen binciken kamfanin Toshiba, domin ƙera irin waɗannan na'urori.

A shekarar 2003 masanan Kambirij, tare da likitocin asibitin Addenbrooke's, suka bayyana cewa na'urar ta iya bambance tsokar da ke da sankara da lafiyayya a cikin fatar da aka riga aka yanko daga jikin marasa lafiya. A shekarar 2004 suka bayyana sakamakon gwaji a jikin marasa lafiya 'yan kaɗan kai tsaye. Nau'in da suka fi mayar da hankali a kai shi ne wanda likitoci ke kira basal, wanda ya fi kowane yawa a tsakanin Turawa, yana fitowa galibi a fuska, yana cin wurin da yake a hankali, amma da wuya ya bazu zuwa sauran sassan jiki.

Daga wancan lokaci aikin ya yaɗu. A Jami'ar Warik ta Ingila, ayarin Farfesa Emma MacPherson ya ƙera na'urar da ake riƙewa a hannu, aka kuma gwada ta a jikin marasa lafiya a asibitin koyarwa na birnin Kobentiri. A Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya, ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen yawan sankarar fata, injiniyoyi da likitocin fata na aiki da wata irin fitilar leza da ke fitar da igiyoyin terahaz. A Amurka an yi bincike kan auna zurfin ƙuna da wannan fasaha, domin a san wadda za ta warke da kanta da wadda ke buƙatar dashen fata. A birnin Leyon na ƙasar Meziko kuma an gwada ta wajen auna bushewar tafin ƙafar masu ciwon sukari, da nufin gano waɗanda ke dab da samun miki.

Matsalar da ake son magancewa

A halin da ake ciki, likitan da ya ga tabon da bai yarda da shi ba yakan duba shi da wani ƙaramin madubi mai fitila, sannan ya yanki ɗan guntun tsoka ya aika ɗakin gwaji, inda ƙwararre zai duba ƙwayoyin da madubin likita ya yanke hukunci. Wannan ita ce hanyar da aka tabbatar da ingancinta, amma tana ɗaukar kwanaki ko makonni, tana barin tabo, kuma sau da yawa sakamakon kan nuna cewa babu cuta tun farko.

Matsala ta biyu ta shafi tiyata. Sankarar fata takan yi rassa a ƙarƙashi fiye da abin da ido ke gani a sama. Idan likita ya yanke kaɗan, cutar za ta dawo. Idan ya yanke da yawa, musamman a hanci ko fatar ido ko kunne, ya nakasa mutum ba gaira ba dalili. Tun a shekarun 1930 wani likitan Amurka mai suna Frederic Mohs ya ƙirƙiro hanyar yankewa kaɗan-kaɗan ana dubawa da madubi har sai an kai ga lafiyayyar tsoka, amma wannan hanya na cin lokaci da kuɗi kuma tana buƙatar ƙwararru. Babban burin masu binciken terahaz shi ne na'urar ta zana wa likita iyakar cutar tun kafin ya ɗauki wuƙa.

Inda gizo ke saƙa

Duk da wannan ci gaba, fiye da shekara 20 bayan gwajin farko, hoton terahaz bai zama aikin yau da kullum a asibitoci ba, ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. Dalilan haka a fili suke. Ruwan da ke ba na'urar damar ganin cuta shi ne kuma ke hana ta gani da nisa, domin igiyoyin ba sa shiga jiki ko da milimita ɗaya. Bugu da ƙari, abubuwa da yawa na sauya danshin fata ban da sankara, kamar kumburi da gumi da man shafawa. Masanan Warik sun nuna cewa hatta ƙarfin da aka danna na'urar a kan fata, da tsawon lokacin da ta yi a wurin, na sauya sakamako. Sannan na'urorin na da tsada, kuma yawan mutanen da aka gwada su a jikinsu bai kai matsayin da hukumomin lafiya za su amince a dogara da su ba.

Idan muka juyo gida, akwai ƙarin tambayoyi. Nau'in da ya fi addabar zabaya da masu gyambo a Afirka shi ne wanda ake kira sikwamos, wanda ya fi basal saurin bazuwa, alhali gwaje-gwajen farko kan basal aka yi su. Fatar tafin ƙafar manomi ko makiyayi na da kaurin da zai iya hana igiyoyin kaiwa inda melanoma ke farawa. Fatar da hunturu ya busar a watan Janairu ba ɗaya take da wadda ke jiƙe da gumi a bazara ba, ballantana wadda aka shafe da man kaɗanya.

Akwai dai dalilin kyautata zato, tun da na'urar danshi take aunawa, ba ta dogara da launi ba, alhali yawancin hanyoyin duba fata da ido an koyar da su ne da hotunan farar fata. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A shekarar 2020 wani bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka ya gano cewa ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar da ke cikin jini ta fi kuskuren gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan sau uku idan aka kwatanta da farar fata, bayan an shafe shekaru ana aiki da ita a duk duniya. Darasin da ke ciki shi ne, wajibi ne asibitocin koyarwa da jami'o'inmu su nemi shiga cikin gwajin irin waɗannan na'urori tun suna hannun maƙera, domin tun ran gini ran zane.

A yi hattara da 'yan kasuwa

Wani abin da ya kamata mu ja kunnen jama'a a kai shi ne wasu na'urori masu kama da abin busar da gashi da ake tallatawa a garuruwa da kafofin sadarwa da sunan terahaz. Masu sayarwa kan ce hura iskarsu a jiki, ko shan ruwan da aka hura wa, na maganin ciwon daji da shanyewar jiki da ciwon sukari. Binciken da muka yi bayani a sama na ɗaukar hoto ne domin gano cuta, kuma babu wata hujja ta likitanci da ta tabbatar da cewa irin waɗancan na'urori na warkar da sankara. Asarar da ke ciki ta wuce ta kuɗi. Watannin da mai ciwo zai ɓata yana hura iska a kan miki su ne watannin da ƙaramar tiyata za ta iya ceton ransa. Duk wanda aka kawo wa irin wannan talla ya tuntuɓi ma'aikacin lafiya mafi kusa, kuma ya sani cewa hukumar NAFDAC ce ke da alhakin sa ido kan magunguna da kayan aikin lafiya a ƙasar nan.

Abin da ke hannunmu a yau

Ƙididdigar shekarar 2022 ta nuna cewa Nijeriya ta samu sababbin masu ciwon daji iri-iri fiye da 120,000, kuma kusan 80,000 suka rasu. Babban abin da ke jawo wannan yawan mace-mace shi ne zuwa asibiti a makare. Na'urar da ba ta gani fiye da saman fata ba ta da abin da za ta yi wa mutumin da ya zo da mikin da ya riga ya ci har ƙashi. Saboda haka ko da za a kawo ta gobe, amfaninta na rataye ne da zuwan mai ciwo da wuri, kuma wannan aiki ne da ido da ilimi za su iya yi tun yanzu.

Alamomin da ya kamata a lura da su ba su da wuyar ganewa. Akwai mikin da ya wuce wata guda bai warke ba duk da magani. Akwai tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya fara tsiro, ko wari, ko zubar da jini, ko bakinsa ya yi tauri ya kumbura. Akwai baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke ƙara faɗi ko sauya kama. A jikin zabiya kuwa, duk wani wuri mai kaushi ko ɓawo a fuska da kunne da wuya da leɓe da bayan hannu abin kaiwa asibiti ne, domin a wannan mataki ana iya kawar da shi cikin sauƙi kafin ya zama sankara. Ƙona irin wannan wuri da wuta, ko tsaga shi da aska, ko ɗaure shi da garin magani, jinkiri ne kawai yake jawowa.

Ga iyayen yara zabaya, rigakafi ya fi magani. Malafa mai faɗin baki, da riga mai dogon hannu, da kauce wa rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, da shafa man kariya a wuraren da tufafi bai rufe ba, su ne ginshiƙan kariya. Bai dace a tura irin wannan yaro kiwo ko talla ko noma da tsakar rana ba. Ya kamata malaman makaranta su ba shi izinin sanya hula da dogon hannu ko da sun saɓa wa tufafin makaranta, su keɓe shi daga tsayuwar rana, su kuma zaunar da shi a gaban aji saboda raunin gani da ke tare da lalurar.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da shugabannin sassan lafiya, akwai ayyukan da ba sa buƙatar kuɗi masu yawa. Na ɗaya, a san adadin zabaya da ke kowace mazaɓa, tare da taimakon hakimai da dagatai da masu unguwanni. Na biyu, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan gane alamomin da muka lissafa, a kuma keɓe ranar duba fatar zabaya aƙalla sau biyu a shekara. Na uku, a sanya man kariya da malafa cikin kayan da ake saye, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ɗauki man a matsayin magani, ba kayan kwalliya ba. Na huɗu, a daina wanke gyambo ɗaya shekara da shekaru a ƙaramin asibiti ba tare da an tura mai shi gaba ba. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja duk suna da sassan gwajin tsoka, kuma taimaka wa talaka da kuɗin mota da takardar turawa na iya zama sanadin tsirarsa. Ranar 13 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin wayar da kai game da zabaya kuma ake kiyayewa tun shekarar 2015, dama ce ta gudanar da irin wannan gangami a kowace ƙaramar hukuma.

Har ila yau, adana bayanai na da muhimmanci. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2017, ba za ta iya yin tsari mai inganci ba sai da alƙaluman da ke fitowa daga ƙananan asibitoci. Yankin da ke da rajistar marasa lafiya da ma'aikatan da suka san aikinsu shi ne wanda masu bincike za su nema a duk lokacin da aka tashi gwajin sabuwar na'ura.

A ƙarshe, fasahar terahaz abin sa ido ce, kuma muna fatan gwaje-gwajen da ake yi za su kai ga samar da na'ura mai sauƙin kuɗi da ma'aikacin lafiya a karkara zai iya riƙewa a hannunsa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga jama'a da su riƙa duba jikinsu da na iyalansu, su kai duk wani miki ko tabo da ba su yarda da shi ba asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, sannan muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya da su fara aikin rajista da duba fatar zabaya a yankunansu tun daga wannan shekara.